Masu gida da baƙi: yadda tsuntsayen jihar Maradi ke bin ruwa da itace

A ƙauyukan jihar Maradi, tun kafin a san da masu hasashen yanayi a gidan rediyo, manoma suna da alamar da suke dogaro da ita wajen sanin ƙaratowar damina, wato saukar shamuwa a kan babban itacen da ke tsakiyar gari. Wajen ƙarshen Afrilu zuwa cikin Mayu, lokacin da zafin bazara ya kai maƙura kuma iska ta fara juyowa daga kudu maso yamma, sai a wayi gari a gan ta a kan tsamiya ko gawo, tana jigilar ƙirare tana gyara sheƙar da ta bari bara. Daga nan magidanci ya san lokacin fito da iri da duba ƙotar sungumi ya yi. Shi ya sa yaron da ke harbin kurciya da danƙo babu mai tanka masa, amma ranar da ya ɗaga hannu kan shamuwa sai ya sha faɗa daga duk babban da ya gan shi.

Ba kasafai ake tambayar inda shamuwar take a sauran watannin shekara ba. Idan ta gama renon 'ya'yanta ta tashi wajen Oktoba, gabas take nufa sannan ta karkata kudu, har ta kai ƙasashe irin su Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, inda ruwa ke sauka daga Nuwamba zuwa Maris. Ke nan tsuntsuwa ce mai damina biyu a shekara, wadda ba ta san rani ba. Abincinta fara ce da tsutsa da sauran ƙwarin da ke fitowa bayan saukar ruwa, don haka tilas ne ta bi ruwan duk inda ya koma. Mutanenmu kan ce ita ke kawo damina, amma in aka duba da kyau, iska ɗaya ce ke koro ta tare da hadarin, ita dai takan riga shi isowa da 'yan makonni.

Wanda ya gane tafiyar shamuwa ya kama bakin zaren sha'anin tsuntsayen yankin nan baki ɗaya. Akwai masu gida, waɗanda ke nan rani da damina, irin su kurciya da hasbiya da hankaka da mujiya da fakara da zabon daji. Akwai baƙin damina, waɗanda ke tasowa daga cikin Afirka su biyo ruwa zuwa arewa su yi sheƙa a nan. Akwai kuma baƙin rani, waɗanda ke haifuwa a Turai da yammacin Asiya, su tsallako hamada su yi watannin sanyi tare da mu. Abin da ke hana mutum lura da wannan shige da fice shi ne sararin samaniya ba ya taɓa zama babu kowa, domin da wannan ayari ya tashi wancan ke sauka, wani lokaci ma a kan itace ɗaya ko bakin tabki ɗaya.

Shimfiɗar jihar ita ke raba wa kowa mazauninsa. A kudu, wajen Madarumfa da Gabi da dajin Babban Rafi, ruwan shekara yakan kai milimita 600, itatuwa sun fi tsawo da duhuwa. Birnin Maradi yakan sami kimanin milimita 500, in kuma aka nausa arewa aka wuce Dakoro zuwa kwarin Tarka da Bermo, sai ruwan ya ragu zuwa wajen 300 ko ƙasa da haka, gonaki su ba da wuri ga makiyaya da ƙayoyi da ciyawa. Tsakanin nan kwaruruka biyu ne suka ratsa ƙasar. Gulbin Maradi yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya bi ta Madarumfa da Maradi da Tibiri da Gidan Rumji, ya sake komawa Najeriya ya haɗe da kogin Rima, shi kuwa Gulbin Kaba, wanda ya bi ta Mayahi, ruwansa ya fi yawa a ƙarƙashin ƙasa, abin da ya sa goriba da kaba suka mamaye shi. A jikin ganyen goribar nan ne wata 'yar tsattsewa ke liƙa sheƙarta da yawu, har ƙwan ma liƙa shi take yi don kada iska ta kayar da shi, saboda haka duk inda aka rasa goriba da giginya da wuya a gan ta.

Da ruwa ya zauna, sai ƙasar ta cika da baƙi. Balbela takan taru ɗaruruwa ta yi sheƙa a kan itatuwan cikin gari, ta wuni tana bin shanu da masu noma tana tsintar ƙwarin da suka tayar. Shirwa takan ƙaru, cilakowa ta hauro daga kudu, tsanwaka ta cika wayoyin lantarki da ke gefen hanya. Akwai wani tsuntsu mai cin ƙudan zuma, kore mai farin maƙogwaro da dogon bindi, wanda ke yin ranin shekara a dazuzzukan kudu kusa da teku, amma idan zai yi ƙwai sai ya zo har bakin hamada ya haƙa rami a cikin yashi. Dalilin wannan wahala a fili yake, domin cikin watanni uku na damina ƙasar Sahel takan fitar da fara da gara da tsutsa da irin ciyawa fiye da abin da masu gida za su iya cinyewa, sai rarar ta zama rabon duk baƙon da ya iso a kan lokaci. A tabkuna da fadamun da suka cika kuwa, kirinjijiya da dinya sukan ɓuya cikin ciyawa su ƙyanƙyashe.

A nan akwai wani abin sha'awa game da kirarin da ake yi wa hankaka, cewa shi ne mai mai da ɗan wani nasa. Cikin baƙin da ke ratsa yankin akwai wani tsuntsu mai tukku da ɗigon fari a fukafukai, wanda ba ya gina sheƙa ko kaɗan, sai ya faki idon hankaka ya ajiye ƙwansa cikin nasa, hankaka ya ƙyanƙyashe ya ciyar har ɗan ya tashi. Ba mamaki wanda ya fara yin kirarin nan ya ga hakan da idonsa ne.

Baƙon da manomi ba ya maraba da shi shi ne jan-baki. Ɗan tsuntsu ne da nauyinsa bai wuce kimanin giram 20 ba, amma garkensa kan rufe sama kamar hayaƙi, kuma masana na ɗaukar sa a matsayin tsuntsun daji mafi yawa a duniya. Asalin abincinsa irin ciyawar daji ne, ba hatsi ba. Da ruwan fari ya sauka irin da ke kwance a ƙasa ya tsira, sai abinci ya yanke masa kwatsam, ya tsere kudu inda damina ta riga ta yi nisa ciyawa ta fara ido, sannan ya dawo arewa yana bin nunar ciyawar, ya yi sheƙa dubbai a cikin ƙayoyi wajen Agusta da Satumba. Matsalar tana tasowa ne idan 'ya'yan suka tashi daidai lokacin da hatsi da dawa ke cika ido, musamman a wurin da gona ta cinye dajin da ciyawar ke fitowa. Daga nan sai yara su koma kwana a gona da majaujawa da gwangwani, hukuma kuma ta fito da feshi. Feshin yakan rage ɓarnar shekarar, sai dai maganin ba ya tantance jan-baki da kurciya, kuma shaho ko mujiyar da ta ci mushen ita ma takan bi su.

Masu gida su ne aka fi sabawa da su, kuma su ne raguwarsu ta fi fitowa fili ga duk wanda ya haura shekara hamsin. A da, babu mahauta ko kasuwar ƙauye da za a je ba a tarar da angulu jere a kan katanga ba, har aka yi karin maganar cewa ba ta jewar banza. Yau mutum zai iya zagaya kasuwanni da dama bai ga ko ɗaya ba, kuma a shekarar 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya ta cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa, ita da babbar mikiya mai cin mushe. Abubuwan da suka haɗu a kanta sun haɗa da gubar da ake sa wa mushe don kashe karnuka da dila, da cinikin kanta da ƙafafunta don haɗa magunguna da tsibbu, da kuma saran manyan itatuwan da take sheƙa a kai. Tsuntsuwa ce mai ƙwai ɗaya tak a shekara, don haka kashe babba guda asara ce da ba a mayar da ita da wuri. Gauraka shi kuma kyansa ne ya jawo masa, domin ana kama shi a kai gidajen masu hali a ajiye don ado, ga fadamun da yake haifuwa a ciki sun koma gonaki. Tuje da zabon daji sun ja da baya zuwa arewa.

Abin da ya rage na irin waɗannan manyan tsuntsaye ya fi samun mafaka a gandun dajin Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955 a kan kadada 76,000, hukumar UNESCO ta amince da shi a matsayin wurin kare halittu a 2017, aka kuma kai masa raƙuman dawa daga Kure, kusa da Yamai, a 2018. Nijar tana da dokar farauta da kare namun daji ta 1998, ma'aikatan gandun daji kuma suna iya ƙoƙarinsu. Amma a ganina kuskure ne a ɗauka cewa gandun daji ne zai riƙe tsuntsayen jihar, saboda mafi yawansu, masu gida da baƙi, a cikin gonakin mutane da bakin tabkunan da ake shayar da dabbobi suke rayuwa, wuraren da babu wani mai kaki da ke gadinsu.

Da kaka ta shigo, wajen Satumba da Oktoba, sai a yi canjin ayari. Shamuwa ta tafi, cilakowa ta bi ta sama rukuni rukuni tana komawa kudu, sai kuma baƙin Turai su fara sauka, galibinsu da dare. Daga bakin tekun Bahar Rum zuwa inda ciyawar Sahel ta fara akwai tafiyar da ta kai kilomita 1,500 zuwa 2,000 ta hamada, kuma yankinmu na cikin wuraren farko da tsuntsu zai tarar da ruwa da ganye bayan wannan tsallake. Cikin masu zuwa akwai wata ƙaramar agwagwar ruwa wadda namijinta ke da farin layi a saman ido, mai haifuwa a gabashin Turai da Rasha, akwai agwagwa mai tsinin bindi, da tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu da ke caccakar laka, da farar shamuwar Turai, da wani ɗan tsuntsu mai rawayan ƙirji da ke bin ƙafafun shanu yana rausaya bindi. Lokaci lokaci masunci ko maharbi yakan kama wani da zoben ƙarfe a ƙafa ɗauke da lamba da sunan wani birnin Turai, wanda masu bincike suka sa masa don sanin hanyar da yake bi.

Manyan matattarar waɗannan tsuntsayen ruwa su ne fadamar kogin Kwara a Mali da tafkin Cadi da fadamar Haɗeja da Nguru, amma ƙananan tabkunan da ke warwatse a tsakani su ne zangon da ake ya da zango a ciki. A jihar Maradi babu kamar tabkin Madarumfa, mai nisan kimanin kilomita 20 kudu da birni, wanda aka fi sani da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, kuma aka sanya shi cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2019. Bayansa akwai irin su Kurfin Kura da kuma Akadane a can arewa. Darajar tabki a wurin tsuntsu ba zurfinsa ba ne, yadda yake ja da baya sannu a hankali ne, domin kowane mako yana buɗe sabuwar laka mai tsutsa da katantanwa da irin ciyawar ruwa. Tabkin da ya ƙafe a Disamba ya sallami baƙinsa tun tafiya ba ta zo ba, wanda kuma ya kai Maris da ruwa shi ne ya yi musu rana.

Wannan ja da baya na sannu shi ne abin da ke lalacewa. Tun da aka gina madatsar ruwan Jibiya a ɓangaren Najeriya wajen shekarar 1990, ambaliyar da Gulbin Maradi ke shimfiɗawa a fadama ta ragu ƙwarai. Yashin da ruwa ke kwasowa daga gonakin da ba su da itace yana cike gindin tabkuna, noman rani kuma yana matsowa har bakin ruwa da injin ban ruwa. Ba wanda zai zargi mai lambun da ke neman abin kai wa iyalinsa, kuma filayen noman rani irin na Jiratawa su ma suna tara balbela da zakaran ƙeƙuwa da wasu baƙin. Sai dai lambu ba ya maye gurbin laka, kuma agwagwar da jirgin masunci da garken shanu da mai bindiga ke tayarwa sau goma a wuni tana ƙona kitsen da ta zo tarawa.

Baƙin da suka fi yawa ba a bakin ruwa suke ba, a cikin ganyen itatuwan gona suke, kuma ƙanƙantarsu ta sa da wuya a kula da su. 'Yan tsuntsaye ne masu cin ƙwari, masu nauyin giram 10 zuwa 15, launinsu toka toka ko kore kore, kuma itacen da suka fi so shi ne gawo. Kowa ya san halin gawo na saɓa wa sauran itatuwa, ya zubar da ganye da damina ya fito da sabo da kaka, abin da ya sa manomi ke ƙaunarsa, tun da ba ya yi wa hatsi inuwa kuma gindinsa ya fi ko'ina albarka. To wannan saɓanin ne ya dace da zuwan baƙin, domin a daidai lokacin da suke sauka gawo ke fure da sabon ganye, yana ɗauke da tsutsa da ƙananan ƙwari har ƙarshen rani. Binciken da aka yi a faɗin Sahel ya nuna cewa itatuwa masu ƙaya, irin su gawo da bagaruwa da aduwa, su ne ke ɗauke da mafi yawan waɗannan tsuntsaye, bedi da itacen turare kuwa kusan babu kowa a cikinsu. Bayanin da masana ke bayarwa shi ne itacen da ya kare kansa da ƙaya ganyensa yakan yi daɗin ci ga ƙwari, wanda kuma ya kare kansa da ɗaci ƙwaro ma gudunsa yake yi. Garuruwanmu sun cika da bedi, inuwarsa kuma ni'ima ce da tsakar rana, amma ga tsuntsu mai neman tsutsa daidai yake da rumbun da babu komai a ciki.

Turawa sun fara gane wannan dangantaka ne ta hanyar asara. A bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka tarar cewa wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ya saba cika shingayen gonakinsu, sama da kashi biyu cikin uku nasa bai dawo ba. Da aka bi sawu sai aka gano cewa ƙarancin ruwan da aka yi a Sahel a 1968 ne sanadi. Farin 1973 da na 1984, wanda dattawan Maradi ba su manta yunwarsa ba, sun ƙara kashe itatuwa da ƙafar da tabkuna, kuma kowane daga cikinsu ya bar alamarsa a lissafin tsuntsayen Turai.

Daga cikin wannan masifa ne kuma wani gyara ya fito, a nan jihar Maradi. Tun wajen 1983, wani ma'aikacin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo tare da manoman yankin suka fara yaɗa dabarar da aka sani da sassaben zamani, wato maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture a ƙone lokacin sharar gona, sai a zaɓi mai ƙarfi a gyara shi a bar shi ya zama itace. Ƙauyuka irin su Ɗan Saga a gundumar Agye sun yi suna a kan haka, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kadada miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, galibi a jihohin Maradi da Damagaram. Manoman da suka yi wannan aiki itacen girki da abincin dabbobi da tare iska suke nema, babu wanda ya yi don tsuntsu, amma tsuntsu ya ci moriya. Duk da haka akwai gyara a cikin lissafin. Yawancin tohon da ke saurin tashi sabara ce da kalgo da taramniya, waɗanda ba su kai gawo tara ƙwari ba, kuma gawon da aka yi wa aski ƙwal don ba dabbobi ganye da rani ya rasa abin da ke jawo baƙin. Sannan ƙaramin itace ba ya da kogo, alhali cilakowa sai a kogo take ƙwai, inda macen ke shiga a liƙe ƙofar da laka a bar 'yar tsaga da namiji zai riƙa miƙo mata abinci. Tsirya da mujiya da tsanwaka su ma kogon suke nema, kuma kogo sai tsohuwar kuka ko gawon da ya shekara da yawa.

Akwai wani baƙon rani da ya kamata manomi ya san shi, wani irin shaho siriri mai dogayen fukafukai, wanda ke shawagi ƙasa ƙasa a kan gonakin da aka girbe. A gonakin alkama na Holan da Jamus da Faransa yake sheƙa, kuma na'urorin da aka ɗaura wa wasunsu sun nuna cewa wasu daga cikinsu a Nijar da arewacin Najeriya suke yin rani, abincinsu kuma mafi yawa fara ne. Idan aka haɗa shi da shamuwa da balbela da shirwa da tsanwaka, za a ga cewa fara tana da masu cin ta a kowane wata na shekara, ban da matan da ke soya ta suna sayarwa a kasuwannin Maradi. Feshin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba yakan kashe farar tare da masu rage ta, ita kuma ta fi su saurin dawowa.

Lokaci mafi tsanani ga kowa shi ne bazara. A Maris da Afrilu, sa'ad da ciyawa ta ƙare, tabkuna suka koma kwalbatai, masu gida suka taru a bakin rijiyoyi da kwatamin shayar da dabbobi suna haki, a lokacin ne baƙin Turai ke bukatar abinci fiye da kullum, domin dole kowane ya tara kitsen da zai ƙona a kan hamada, wasu ƙananan har sukan kusa ninka nauyinsu kafin su tashi. Wanda bai sami gawo mai ganye ko laka mai danshi a waɗannan makonni ba, zai tashi da guzurin da bai isa ba, ga iskar arewa maso gabas tana bugun ƙirjinsa. Wajen tsakiyar Afrilu agwagin sun tafi, masu dogayen ƙafafu sun bi su, sai a tarar da bakin tabkin Madarumfa ya yi tsit, daga zalɓe da zakaran ƙeƙuwa sai 'yan kirinjijiyar da ke jiran ruwan Gulbin Gabi, mai cika tabkin, ya sauko.